Ranar da Na Yi wa Hajiya Tafinta

Ni ne ɗan farin Hajiya, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu a Kano ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so in ci abinci sai ta dubi wanda ke kusa ta ce, "A ce wa wancan tuwo na hucewa," ko da kuwa ina zaune a gabanta. Tun da aka kai ni yaye gidan kakata ba a dawo da ni ba, can na girma. Ƙannena shida kuwa duk a ɗakinta suka tashi, suna hawa jikinta suna cika ta da surutu. Mutane suna yabonta, wai mace ce mai kunya da kara, ni ma na san kunyar ce. Amma sanin bai hana ni girma da wani ƙulli a zuciya ba. Na kai shekara talatin da biyar ban san ko rabuwa da ni ta yi mata ciwo ba, ko kuwa hutu ta samu. Ba abin da nake so in ji a duniya kamar wannan, kuma ba tambaya ba ce da ɗa zai buɗe baki ya yi wa uwarsa.

Da sanyin bara ta zo Dubai ganin likitan gwiwa, tare da ƙanwarta da muke kira Inna, wadda Allah ya ba ta bakin mutum biyu. Shekarata shida ke nan ina aikin injiniya a wata masana'anta a Dubai Investments Park, ina zaune a wani ɗan gida ta wajen Warsan. Matata ta tafi gida haihuwa, saboda haka mu uku ne kawai. In Inna ta shiga wanka sai falo ya yi tsit, Hajiya na jan carbi, ni ina latsa waya kamar mai wani babban aiki.

Da likita ya sallame mu, sai ya rage kwana biyu su koma. Inna ta ce a kai su kasuwar Naif ta sayi jakunkuna. Ni kuwa na riga na yi mana rajistar yawon tsohon gari, irin wanda ake haɗa mutane a ba su jagora ta zaga da su bakin ruwa tana ba su tarihi. Na ce musu jagorar ba ta jin Hausa, ni zan riƙa fassarawa.

"Yanzu biya za ka yi wata ta nuna mana ruwa?" in ji Inna. "A dam ɗin Tiga ai kyauta ake kallonsa."

Na yi dariya na ce ai wannan ruwan mai tarihi ne. Gaskiyar magana, ba tarihi ne ya dame ni ba. Tsoron wuni guda nake yi ina tafe da Hajiya ba mai cewa uffan, na ga in akwai wata mai magana, ita za ta cike gurbin. Akwai kuma ɗan son burgewa. Hajiya ta yi fiye da shekara ashirin tana zuwa Dubai sarin atamfa da leshi da gwal kafin gwiwa ta zaunar da ita, na san da haka sarai. Amma a raina na ɗauka kasuwa kawai ta sani, ni mai digiri ni zan nuna mata garin. Na manta wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi.

Da safe Hajiya ta fito cikin wani leshi ruwan toka da ban taɓa ganinta da shi ba, ta yafa babban mayafi, har da turare. Inna ta ce, "Yaya, ɗaurin aure za mu?" Hajiya ta wuce gaba ta nufi ƙofa.

A tsohuwar unguwar Al Fahidi muka haɗu da sauran, wajen mutum goma sha biyu, yawancinsu Turawa. Jagorar Ba'indiya ce, dattijuwa mai furfura, riƙe da lema ruwan ɗorawa don kada a ɓace mata. Ta ce a nan Bur Dubai aka haife ta, mahaifinta mai shagon yadi ne. Cikin Turawan akwai wani dogo mai kyamara da ƙaton agogo, wanda tun daga farko na sa masa ido ba tare da ya yi mini komai ba.

Muka shiga lungunan tsoffin gidaje masu dogayen hasumiyoyi a saman rufi. Jagorar ta yi bayanin yadda hasumiyar ke kamo iska ta tura ta cikin ɗaki tun kafin a san na'urar sanyaya ɗaki. Na juya na fassara da ƙwambo, har ina ƙara nawa na injiniya. Hajiya ta saurara, ta ɗaga kai ta kalli ginin, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A gaya mata lokacin da na fara zuwa nan duk kangaye ne. Leburori ke kwana a ciki, sun yi shanya ko'ina. Ta wancan lungun muke yankewa, muna toshe hanci."

Na fassara. Fuskar jagorar ta washe. Ta ce Mama ta yi gaskiya, haka wurin yake kafin a gyara, ita ma ta tuna. Ta dawo kusa da Hajiya ta jera da ita.

Daga nan bakin Hajiya ya buɗe, abin da ban taɓa gani ba a gabana. A gidan da aka ba mu gahawa da dabino, kafin jagorar ta koya wa mutane yadda ake girgiza ɗan kofin in an ƙoshi, Hajiya ta riga ta girgiza nata ta miƙa. A kasuwar yadi wani mai shago ya ɗora wa matar dogon Baturen gyale a kafaɗa yana rantsuwa siliki ne. Hajiya ta murza gefensa da yatsu biyu ta ce masa da Larabcin kasuwa wannan ba siliki ba ne: "Habibi, haram. Hada mafi siliki. Khalas." Mutumin ya yi dariya ya dafe ƙirji, Turawa suka yi tafi. Kowane lungu muka shiga tana da abin faɗa a kansa: inda wani tsoho ke sayar da shayi da madara, inda ruwan sama ya taɓa jiƙa mata dila guda na atamfa, masallacin da suke fakewa in rana ta take. Kowane labari da "a gaya mata" yake farawa.

Ni fa a nan abin ya fara ci mini rai. Muryarta ta yi mini ƙarfi. Tafiyarta ta yi mini nawa, sai an tsaya an jira ta. Na ga kamar kowa mu yake kallo, ga baƙaƙe 'yan ƙauye sun zo sun ƙwace wa mutane yawonsu. Shekara shida ina lallaɓa kaina a garin nan, ina magana ƙasa-ƙasa, ina zuwa ko'ina kafin lokaci, don kada a ce ai ɗan Najeriya ne. Sai na fara datse maganarta. In ta yi jimla goma, sai in ba jagorar guda ɗaya.

Inna ce ta fara ganewa. "Kai, wannan Turancin naku akwai rowa," ta ce. "Ta yi magana kamar mai huɗuba, kai ka ce 'very nice' ka yi shiru. Ina sauran?"

"Inna, haka harshen yake, a taƙaice ake yinsa."

"To, Allah ya kyauta. Dama an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade."

Ita ma jagorar ta ce mini in bar Mama ta yi maganarta, tana jin daɗin ji. Na ce mata ai ta gaji ne, kada mu wahalar da ita. Ƙarya na yi, a gaban Hajiya, cikin harshen da na ɗauka ba ta ji.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka iso mashigar ruwa, inda ake hawa abra, ƙananan jiragen katakon nan da ke ƙetara da mutane zuwa Deira. Ruwan na ta ƙyalli, fararen tsuntsaye na shawagi suna kuka, ga warin man jirgi ya cika wurin. Mutanenmu suka sauka ɗaya bayan ɗaya suka zazzauna. Mai jirgi ya ta da inji yana cewa, "Yalla, yalla!" Hajiya kuwa ta tsaya a saman matakala, ta riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu. Na zaci gwiwar ce. Jagorar ta dawo ta tsaya kusa da ita.

"A gaya mata," in ji Hajiya, idonta a kan ruwa, muryarta ta sauka ba kamar ɗazu ba, "zuwana na farko a nan na tsaya. Daidai nan. Mu biyar muka taso daga Kano. Matan suka shiga jirgi, ni na kasa. Suna ta kira na, na ce su tafi zan biyo su. Na zauna a nan tun hantsi har aka kira la'asar, ban sayi ko ƙyalle ba. A gaya mata yaro na baro a gida, kwanansa tara da yaye. Ina zaune sai ga wata Ba'indiya irinta da nata ɗan a kafaɗa, ta zo ta zauna kusa da ni. Ta dube ni, ta dubi ɗan nata, sai ta..."

Kowace kalma na ji ta, shi ya sa yau nake iya maimaita ta. Amma a lokacin kunnena ne kawai a wurin, idona na kan jirgi. Dogon Baturen nan ya ɗaga hannu ya duba agogonsa. Sau ɗaya ya duba, wataƙila ma lokaci kawai yake son sani. Jinina ya hau.

"Hajiya, don Allah ki bari haka nan," na ce. "Mu ake jira. Mutanen nan ba labarinki suka zo ji ba."

Sannan na juya na ce wa jagorar, wai Mama ta ce wurin ya canza ƙwarai.

Magana zarar bunu ce. Ban taɓa yi mata magana da wannan muryar ba, ban ma taɓa jera mata jimla uku a tsaye ba sai ranar. Hajiya ba ta dube ni ba. Ta gyara mayafinta, ta dubi jagorar ta ce, "Sorry, madam." Na miƙa hannu in taimaka mata ta sauka, sai ta kama na Inna.

Muka ƙetare. Jagorar na nuna manyan jiragen katako da aka jibga wa firji da tayoyi da buhunan shinkafa, tana faɗin ƙasashen da suke kai su. Ina fassarawa, ba mai amsa mini. Ba zan ɓoye ba, a cikin jirgin nan sauƙi na ji. Na ce a raina yanzu dai za a yi yawo kamar na mutane.

Haka muka ratsa kasuwar kayan ƙamshi, da buhunan lubban da busasshen lemun tsami a jere har bakin hanya. Haka muka shiga kasuwar gwal, wurin da Hajiya ta yi rabin rayuwarta tana ciniki, wurin da za ta iya zagayawa ido rufe. Ba ta ce komai ba. Tana dai biye da lemar, tana ɗingishi, tana ƙoƙarin kada a jira ta. Wannan saurin da take yi da ciwon gwiwa shi ya fara damuna. Jagorar ta zo ta dafa ta ta tambaya yaya nan yake a zamaninsu. Na fassara wannan karon ba ragi. Hajiya ta yi ɗan murmushi ta ce, "A ce mata yana nan yadda yake."

Da aka tashi, jagorar ta rungume Hajiya, ni kuma ta yi mini sallama da ka kawai. Muka nufi masallaci don azahar. Na idar na fito na tarar da Inna a tsaye a inuwa tana jira na, Hajiya ba ta fito ba tukuna. Fuskar Inna ba wasa, abin da ba a saba gani ba.

"Zo nan," ta ce. "Kai da wa kake zaton take magana tun safe?"

"Da matar nan mana."

"Da Ba'indiya? Me Ba'indiya za ta yi da labarin yaye? Duk bokon naka bai koya maka lissafi ba? Wane yaro ta yaye kafin zuwanta na farko? Su nawa gare ta a lokacin?"

Na tsaya na yi lissafi. Yara bakwai Hajiya ta yaye, da ta ce yaro ban ma tsaya na tambayi kaina wanne ba. Sai a lokacin na gane ni ne yaron.

"Jiya da ka ce matar ba ta jin Hausa, kai za ka riƙa juya magana, ka san me ta ce mini da muka shiga ɗaki? Ta ce, 'To, ashe dole ya saurara.' Da kanta ta goge leshin nan, ta hana ni taɓawa. Ba za ta iya duban idonka ta faɗa maka ba, ka sani, haka aka raine mu. Ta samu wadda za ta faɗa wa a gabanka, ta yi ta kewaye-kewaye da labarin shayi da na atamfa har ta kawo bakin gaɓa, ka zo ka ce ba labarinta aka zo ji ba."

Na ce, "Inna, matar da ɗan a kafaɗa, me ta yi?"

"Ni ina na sani? Ina amarya a Gusau lokacin. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Yau na fara ji, tare da kai, kuma inda ka tsayar da ita nan nawa sanin ya tsaya."

Kunyar da na ji a ƙofar masallacin nan ban taɓa jin irinta ba. Abin da na yi shekara da shekaru ina nema an kawo mini shi har gabana, na sa hannu na ture saboda wani mutum da ban san sunansa ba ya duba agogo.

Da muka koma gida na tsuguna a gabanta na ce ta yafe mini, na yi rashin kunya. Ta ce wa Inna, "A ce masa ba komai. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Ta tashi ta shiga haɗa kayanta.

Washegari jirginsu sai bayan magariba. Na buga wa ofis na ce ba zan shigo ba. Na nemi jagorar ta waya, aka ce ta fita da wasu baƙi zuwa wani gari, sai jibi. Na ce a ba ni wani, aka ce ba kowa a ranar. Duk da haka na ce su shirya mu fita. Inna ta gane inda na dosa, ta bar zancen Naif da jakunkunanta ba ta ko ambata ba. Hajiya ta saka atamfarta ta zaman gida ta biyo mu.

Na kai su mashigar nan ta jiya. Akwai wani benci daf da matakalar, muka zauna, Inna a tsakiya. Jirage na zuwa suna tafiya, masu aiki na sauka da gudu, wasu baƙin da wata jagorar suka wuce mu. Inna ta yi ta ƙoƙari. Ta ce, "Yaya, ashe a nan kika wuni? Ko ruwa ba ki sha ba?" Hajiya ta ce, "Uhm." Inna ta sake jefa wata, ta sake samun "uhm". Ba baƙuwar da za a gaya wa, daga ƙanwarta sai ni.

Da na ga rana na ɗagawa, sai na yi abin da ɗan fari ba ya yi. Na sauko daga bencin na durƙusa a gabanta, mutane na wucewa suna kallo, ban damu ba. Na ce, "Hajiya, jiya kina cewa wata mata ta zo da ɗanta ta zauna kusa da ke. Don Allah me ya faru?"

Ta kalli ruwan. Carbin da ke hannunta ya tsaya. Na ga leɓenta ya motsa. Sai ta juya wajen Inna.

"A ce masa na manta."

Hajiya ba ta mantuwa. Har yau tana iya gaya maka launin atamfar da ta saro shekara talatin da suka wuce da sunan wadda ta saya.

"Yaya," in ji Inna a hankali.

"A ce masa ya samo mota. Ƙafata na ciwo."

Na tashi na kakkaɓe gwiwata, na tafi neman motar.